Tambayoyi da Amsoshi Game da Ginin Ƙasa da Ƙwararrun da Suka San Aikinsa

An tattara waɗannan tambayoyi ne saboda masu niyyar yin gini da suke sha'awar ginin ƙasa, amma suke tsoron ruwan damina ko maganar mutane, da kuma waɗanda suka gaji gidan ƙasa suke tunanin ko su gyara shi ko su rushe.

Su wane ne ake nufi da ƙwararrun ginin ƙasa?

Kashi biyu ne. Kashi na farko su ne magina na gargajiya, waɗanda suka gaji sana'ar daga iyaye da kakanni, suka fara da ɗaukar ƙasa da cilla tubali tun suna yara, har suka kai ga ɗaura baka da zana fuskar zaure. A biranen ƙasar Hausa wannan sana'a tana da shugabancinta, domin akwai sarautar Sarkin Magina, kuma shi ake nema idan za a taɓa fada ko ganuwa ko masallacin Juma'a. Wanda sunansa ya fi fita a tarihin sana'ar shi ne Babban Gwani, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a wajejen shekarun 1830, kuma har yau zuriyarsa tana nan a birnin Zariya. A Jamhuriyar Nijar kuma akwai Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, wanda ya fara gina Masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, ya ci gaba da yi masa ƙari har zuwa 1982, aikin da ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine a 1986.

Kashi na biyu su ne masu zanen gine-gine da injiniyoyi da suka yi karatun zamani, sannan suka mayar da hankali kan ƙasa. Su ne suke auna ƙarfin bulo da inji, suke lissafin nauyin da katanga za ta ɗauka, suke kuma zana taswirar da hukuma za ta amince da ita. A ganinmu gini mai kyau a yau yana bukatar duka biyun, saboda injiniya yana iya sanin lissafi bai san ƙasar unguwar ba, shi kuma magini yana iya sanin ƙasar da tafin hannunsa amma bai taɓa haɗa ta da bututun ruwa da wayar lantarki ba.

Kowace ƙasa ce ake gini da ita?

A'a. Ƙasar saman gona, wadda take cike da ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi, ba ta da amfani ga gini, don haka sai an kwashe ta an kai ga ta ƙarƙashi. Abin da ake nema shi ne ƙasar da ta haɗa yumɓu da yashi da ɗan tsakuwa daidai gwargwado, irin jar ƙasa da birji da ake haƙowa a kududdufi. Yumɓu shi ne yake riƙe komai, amma idan ya yi yawa sai ƙasar ta kumbura da ruwa, ta tsattsage idan ta bushe, kamar yadda baƙar lakar fadama take yi. Idan kuma yashi ne ya rinjaya, tubalin zai marmashe a hannu.

Mai gida yana iya yin gwaji biyu da kansa. Na farko, ya zuba ƙasa ta kai kashi ɗaya cikin uku na kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza sosai, ya ajiye ta kwana guda. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, yumɓu ya tsaya a sama, sai ya ga yawan kowanne da idonsa. Na biyu, ya kwaɓa ƙasar ya murza ta ta yi kaurin babban yatsa ko fiye kaɗan, ya riƙa turo ta daga bakin tebur har ta karye. Idan ta karye tun ba ta kai santimita 5 ba, yashi ya yi yawa, idan kuma ta wuce santimita 15 ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa. Waɗannan gwaje-gwaje ba sa maye gurbin na ɗakin bincike idan ginin babba ne, amma suna hana a sayi tifa goma na ƙasar da ba ta dace ba.

Mene ne bambancin tubali da bulon ƙasa na inji?

Tubali da hannu ake mulmula shi, gindinsa da faɗi kansa da tsini. Kafin a kai ga haka sai an jiƙa ƙasa, an tattake ta da ƙafa, an zuba ramno, wato busasshiyar ciyawa, a wasu wurare har da kashin doki, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu, a sake jiƙawa a sake tattakewa. Wannan tsumuwa ita ce masu gaggawa suke tsallakewa a yau, kuma ita ce take bambanta katangar da za ta shekara ɗari da wadda za ta fara zubewa a damina ta uku. Bayan tubalin ya bushe a rana kamar mako biyu, sai a jera shi tsininsa yana kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, katangar ta fara da kauri a gindi tana raguwa yayin da take hawa. Magini na ƙwarai ba ya ɗora layi da yawa a rana ɗaya, yana barin na ƙasa ya sha iska tukuna.

Bulon inji kuwa da ƙasa mai ɗan damshi kawai ake yin sa, a tankaɗe ta, a zuba a cikin injin matsi na hannu ko mai aiki da mai ko lantarki, a danne ta da ƙarfi har ta fito da kusurwa huɗu daidai. An ƙirƙiro irin wannan inji na hannu a ƙasar Kolombiya a shekarun 1950, daga can ya bazu a duniya. Yawanci ana ƙara siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ko kuma farar ƙasa ta gini (lime) idan yumɓun ya yi yawa, sannan a lulluɓe bulon da leda ana yayyafa masa ruwa har kusan mako 4. Wanda ya shanya irin wannan bulo a rana tun ranar farko ya yi asarar simintinsa. Akwai kuma hanya ta uku, wadda ake kafa katako gefe biyu, a zuba ƙasa a tsakani ana kirɓa ta da taɓarya layi bayan layi. An daɗe ana yin haka a Maroko da kudancin Faransa, sai dai a ƙasar Hausa masu iya ta kaɗan ne.

Da gaske ne ɗakin ƙasa ya fi na siminti sanyi?

Da rana haka ne, kuma dalilin a fili yake. Katanga mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, sai ya ɗauki awanni masu yawa kafin ya ratsa zuwa ciki, alhali bulon siminti mai rami da rufin kwano suna shigar da zafin tun hantsi. Da hunturu kuma wannan zafin da katangar ta tara shi ne yake ɗumama ɗaki da dare. Amma ya kamata a faɗi sauran maganar: a tsakiyar bazara, cikin watan Afrilu da Mayu, lokacin da daren ma ba ya yin sanyi, katangar tana sakin zafinta a cikin ɗaki bayan isha'i, abin da ya sa tun asali mutane suke kwana a tsakar gida. Maganin wannan yana hannun mai zane, wato ya tanadi tagogi masu fuskantar juna da ƙananan kafofi kusa da rufi da iska mai zafi za ta fita, ya kuma sa wa bangon yamma inuwa.

Kowace damina ana jin labarin gidajen ƙasa sun rushe. Ba wannan ne ya isa hujja ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma bai dace a amsa ta da yabon gargajiya ba, domin rayuka ake rasawa. Ruwa shi ne yake kayar da ginin ƙasa, kuma ta hanya uku yake shiga: ta sama idan rufi ya tsage ko indararo ya toshe, ta gefe idan ruwa mai iska ya wanke yaɓe, sai ta ƙasa idan ruwa ya kwanta a gindin katanga. Ta ukun nan ita ce mafi haɗari, saboda gindin katanga shi yake ɗauke da nauyin ginin gaba ɗaya, kuma da zarar ya jiƙe ya yi laushi babu abin da zai riƙe na sama.

Idan aka bi gidajen da suka faɗi a tsofaffin unguwanni, sau da yawa za a tarar abin da ya canza ba ƙasar ba ce, muhallin gidan ne. An cike kududdufin da ruwan unguwa yake taruwa an yi gini a kai, an ɗaga titi ya fi daɓen gida tudu, kwata ta toshe da leda, an jawo famfo a jikin bango yana ɗiga shekara da shekaru. Sannan al'adar yaɓe kafin damina, wadda a da kowane mai gida ya san wajibinsa ce, ta ja baya. A garin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda duk shekara mutanen gari suna fitowa gaba ɗaya su yi masa yaɓe a rana guda.

Abin da ya faru a Zariya ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, lokacin da wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a ya rufta wa masallata suna sallar la'asar, mutane suka rasu, Allah ya jiƙansu, ya nuna cewa ko aikin Babban Gwani yana bukatar idon da zai riƙa duba shi. An bayyana a lokacin cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana guda kafin faruwar abin. Tsagar da take ƙara faɗi, ko ƙasa da take zubowa daga rufi, ko azarar da ta fara lanƙwasa, dalili ne na fitar da mutane nan take, ba na jiran ƙarshen damina ba.

Ga sabon gini kuwa kariyar sananniya ce. A yi harsashi da dutse ko kankare, a ɗaga shi sama da ƙasa aƙalla santimita 30 zuwa 50, a shimfiɗa abin hana damshi kafin a ɗora layin farko na ƙasa, a karkata daɓen waje yadda ruwa zai gudu daga bango, a kuma yi indararo mai tsawo ko rufi mai baki da zai jefa ruwa nesa. Kuma kada a yi ginin ƙasa a wurin da ambaliya take kwanciya, ko da wane gwani ne zai yi shi.

Zan iya yi wa katangar ƙasa filasta da siminti don in huta da yaɓe?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Siminti ba ya kama jikin tubali da kyau, kuma yadda yake motsi da zafi da sanyi daban yake da na ƙasa, don haka sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta riƙa narkewa a ɓoye alhali daga waje bango yana nan sumul, har ranar da filastar za ta ɓare gaba ɗaya a ga rami. Ƙasa tana bukatar abin da zai bar damshi ya fita.

Magabata sun tanadi nasu. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa ta a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da ruwan dafara, shi ne ake shafe rufin soro da rawani da zankwaye da shi, kuma ya fi makuba daɗewa. Matsalar yau ita ce katsi ya yi ƙaranci tun da marinu suka ragu, shi ya sa ƙwararru da yawa suke komawa ga filastar farar ƙasa da yashi. Bulon inji da aka sa wa siminti kuwa sau da yawa ba ya bukatar filasta, muddin rufi ya kare shi.

Azara ta yi tsada kuma giginya tana ƙarewa. Da me za a yi rufi?

Azara ta samu karɓuwa ne saboda gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta iya tsallake fiye da kamar ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwasa ba a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Wannan iyaka ce ta sa magina suka ƙware wajen ɗaura baka, suna tsara azara a cikin ƙasa tana fitowa kaɗan-kaɗan daga bango biyu har ta haɗu a tsakiya, suka samar da salon rufi irin su bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa. Sai dai giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma ba a dasa ta yadda ake sare ta.

Akwai rufin da ba ya bukatar itace ko kaɗan, wanda asalinsa daga mutanen Nuba ne na gaɓar kogin Nilu. Hassan Fathy, mai zanen gine-gine na Masar, ya farfaɗo da shi a shekarun 1940 lokacin da ya gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor, inda ya ɗauko magina daga yankin Aswan. Ana jingina ƙananan bulo a karkace a jikin bangon ƙarshe, layi yana kwanciya a kan layi, har rufin ya rufe ba tare da an tokare shi ba. A Nijar ƙungiyar Development Workshop ta fara koyar da gini ba itace a ƙauyen Cikal a 1980, sannan a Burkina Faso wata ƙungiya da aka kafa a 2000 ta sauƙaƙa tsarin, inda faɗin ɗaki yake kai kimanin mita 3.25, katangun gefe kuma suke da kaurin santimita 60 saboda rufin yana tura su waje. Wannan kauri ba wurin tsimi ba ne, kuma bai kamata wanda bai koyi aikin a hannun gwani ba ya gwada shi daga kallon hoto.

Ana iya yin bene da ƙasa?

Ana iyawa. Hasumiyar Masallacin Agadas, wadda aka sake ginawa a 1844, tana da tsawon mita 27, kuma tana cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Hasumiyar Gobarau tana nan a Katsina, sannan a garin Shibam na Yaman mutane suna zaune a gidajen ƙasa masu hawa 7 da fiye. Ga mai gida na yau, hawa ɗaya a kan na ƙasa abu ne mai yiwuwa, amma da sharaɗin injiniya ya yi lissafi kuma an gwada ƙarfin bulon.

Shin ya fi arha?

Ya danganta da nisan ƙasar da kuma wanda zai yi aikin. A ƙauye, inda ƙasa take bayan gida kuma ana iya yin gayya, tubali ya fi bulon siminti arha nesa ba kusa ba. A cikin birni, inda sai an sayi ƙasa an biya tifa an ɗauko gwani daga wani gari, bambancin yana raguwa, wani lokaci ma ya ɓace. Ribar da ta fi tabbata tana zuwa ne daga baya, ta hanyar rage kuɗin lantarki da man janareta na sanyaya ɗaki. Haka nan kuɗin ginin ƙasa yawancinsa lada ne na ma'aikata, yana tsayawa a hannun mutanen gari. A ɗaya ɓangaren kuma dole mai gida ya sa kuɗin gyaran shekara-shekara a lissafinsa tun farko.

Akwai gine-ginen zamani da mutum zai gani ya gamsu?

Akwai, kuma ba su da nisa. Francis Kéré, mai zanen gine-gine ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, ya gina wa garinsu makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin yadda iska take ratsawa tsakani, kwanon kuma yana kare bango daga ruwa. Makarantar ta samu lambar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu lambar Pritzker, wadda ake ɗauka mafi girma a fannin zanen gine-gine.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Dandaji a jihar Tawa. Mutanen garin sun so sabon masallaci, sai Mariam Issoufou ta Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka zana musu wanda zai ɗauki kimanin mutum 1000 da bulon ƙasa na inji, tsohon masallacin kuma, maimakon a rushe shi, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. An kammala aikin a 2018, kuma magina na gargajiya sun yi aiki tare da masu zanen, kowa yana koyo daga ɗan'uwansa.

Haƙar ƙasa ba ɓata muhalli ba ce ita ma?

Tana iya zama haka idan aka bar rami a buɗe a tsakiyar unguwa ya zama matattarar shara da sauro da haɗari ga yara. Saboda haka ƙwararre yana fara duba ƙasar da za a tono daga harsashi da masai da rijiya a filin kansa, sannan ya san abin da za a yi da ramin bayan an gama. Amma idan aka kwatanta, masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan'adam yake fitarwa a duniya, jan bulo kuma sai an ƙona itace ko gawayi kafin a same shi. Tubali rana ce kawai take busar da shi, kuma ƙasar tsohuwar katanga ana iya jiƙa ta a sake gini da ita.

A ina ake koyon wannan aiki?

Hanya ta farko har yanzu ita ce bin gwani a wurin aiki. A ɓangaren karatu, cibiyar CRAterre da aka kafa a 1979 a birnin Grenoble na Faransa ita ce ta fi shahara, kuma ta horar da 'yan Afirka da yawa. A Nijeriya akwai sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, akwai kuma gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, wanda Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Poland, ya jagoranci kafa shi, inda aka sake gina kwatankwacin Masallacin Zariya da wani sashe na ganuwar Kano da girmansu na ainihi.

Me zan duba kafin in ba wani aikin gidana?

A nemi ya nuna ginin da ya yi wanda ya sha damina 5 ko fiye, a je a duba gindin katanga da ƙarƙashin indararo da kusurwoyin tagogi, a kuma tambayi mazauna gidan ko rufi yana yoyo. A lura ko zai nemi ganin fili da ƙasar kafin ya yanke kuɗi, kuma ko zai yi tambaya a kan inda ruwan unguwa yake bi. A tambaye shi tsawon lokacin da zai bar ƙasa ta tsumu ko bulo ya ƙosa, da abin da zai shafe bango da shi, da yadda zai ware banɗaki da kicin daga katangar ƙasa, domin waɗannan wurare biyu sun fi dacewa da bulon siminti ko dutse. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a sa a ciki cewa zai dawo ya duba ginin bayan damina ta farko. Sannan a tsara aikin ya fara da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, yadda za a gama rufi da shafe kafin hadarin farko na watan Mayu.